Agaji a ƙauyukan ƙabilun da ke can lungu: me ya sa ake kai shi amma ba ya zama?

Kusan kowa ya taɓa ganin irin bidiyon nan. Tawaga ta sha tafiya a kwale-kwale ko a ƙafa, ta isa wani ƙauye a tsakiyar daji ko a kan dutse, an buɗe sabon famfo, yara na tsalle a cikin ruwa, an raba magani, an ɗauki hoto. Mai kallo ya tura abin da ya sawwaƙa, ransa ya yi fari. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne ƙauyen nan bayan shekara biyu. Sau da yawa za a tarar famfon ya tsaya, firjin rigakafi ya zama ma'ajiyar takardu, ɗakin shan magani kuma a garƙame don ma'aikacin da aka turo ya koma birni.

Maganar ta ƙara zafi tun Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID, ita ma Birtaniya ta sanar da rage nata kason daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Jama'a sun rabu biyu: masu cewa dama can aikin baban giwa ake yi, da masu ganin in dai an tara kuɗi komai zai gyaru. Dukansu ba su duba inda gizo ke saƙar ba. Kai kaya ƙauye mai nisa aikin mako ɗaya ne. Sa kayan su ci gaba da aiki kuwa na shekara goma ne, kuma shi ne wanda ba mai son biyan kuɗinsa.

Su wa ake nufi, kuma mene ne nisan?

Kowa da ƙabilarsa, don haka sai an fayyace. A dokokin duniya, in an ce 'yan asali ana nufin al'ummomin da yarensu, hanyar neman abincinsu da tsarin shugabancinsu suka bambanta da na sauran 'yan ƙasar, kuma rayuwarsu take ɗaure da wani daji, tsauni, hamada ko kogi tun kaka da kakanni. Haka yarjejeniya mai lamba 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara a 1989, ta kuma ce babban ma'auni shi ne yadda su mutanen suke ɗaukar kansu. Ƙididdigar ƙungiyar ta 2019 ta ce sun kai miliyan 476, wato kashi 6 da ɗoriya na mutanen duniya, amma su ne kusan kashi 19 na masu fama da matsanancin talauci. A Indiya kaɗai, ƙidayar 2011 ta sami miliyan 104. Ba dukansu ne ke zaune a lungu ba. Da yawa suna birane. Maganarmu a nan kan waɗanda ke can ƙuryar ne.

Nisa kuma ba da kilomita ake auna shi ba. Bankin Duniya yana ɗaukar mutum a matsayin mai hanya ne in gidansa bai wuce kilomita 2 daga titin da mota ke bi rani da damina ba. Ƙauyen da babur ke kaiwa cikin awa ɗaya da rani yana iya yankewa wata huɗu in kogi ya cika. Bayan nisan hanya akwai na yare, inda majinyaciya ba ta jin ma'aikacin jinya shi ma ba ya jin ta. Akwai na takarda: wanda ba shi da shaidar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, kwamfutar gwamnati ba ta san da zamansa ba, kuma ba a ware wa wanda ba a ƙirga ba kaso. Sai nisan amana, wanda ya fi kowanne wuyar cikewa.

Ba haka kawai suka tsinci kansu a can ba

Ana yawan ɗauka cewa waɗannan mutane ci gaba ne ya wuce ya bar su. A wurare da dama ba haka ba ne, tura su aka yi. An fitar da 'yan Batwa daga dajin Bwindi na Yuganda a farkon shekarun 1990 da aka mayar da shi gandun gwamnati. 'Yan Ogiek na dajin Mau a Kenya sai da suka kai ƙara Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda ta ba su gaskiya a 2017. A Botsuwana gwamnati ta toshe rijiyar burtsatsen da 'yan San ke sha a tsakiyar Kalahari a 2002, lokacin da take son su tashi, kuma sai a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da ikon amfani da ita. A nan ba ƙarancin injin haƙa ne ya hana su ruwa ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na 'yan Yanomami a dajin Amazon na Barazil. A Janairun 2023 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyarsu bayan hotunan yara da tsofaffi da yunwa ta ƙwaƙule sun karaɗe duniya. Musabbabin shi ne dubban masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba da suka mamaye yankin. Ramukan da suka bari sun tara ruwa, sauro ya yi yawa, sinadarin makuri da ake ware zinare da shi ya shiga koguna da kifi, namun daji sun gudu, ma'aikatan lafiya kuma sun bar wasu cibiyoyi saboda tsoro. Ko jirgi nawa aka cika da abinci, muddin masu haƙar suna nan, zuba ruwa a kwando ake yi. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan fage suke ɗaukar lauya da mai auna ƙasa da muhimmanci kamar yadda suke ɗaukar likita.

Lissafin da ke korar aiki daga lungu

Masu ba da kuɗi suna son a gaya musu mutum nawa aka taimaka da kowane kaso. Wannan ma'auni kullum lungu yake kayarwa. Ma'aikaciya ɗaya a unguwa mai cunkoso za ta yi wa yara da yawa allura kafin azahar. A tsauni kuwa sai mutum huɗu su yi kwana biyu a hanya, da hayar kwale-kwale da masu dako, su tarar da yara goma sha biyu, uku daga ciki sun bi iyayensu daji. Duk ƙungiyar da aka ce ta nuna adadi mai yawa da kuɗi kaɗan, a bakin titi za ta tsaya, ba don mugunta ba. Indiya ta gane haka ta sassauta ma'auninta: ƙaramar cibiyar lafiya ɗaya ga mutum 5,000 a fili, amma ga 3,000 a tsaunuka da yankunan ƙabilu.

Famfo: abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Ruwa ne aikin da aka fi tara wa kuɗi, kuma shi ya fi nuna yadda abu ke lalacewa. Binciken da aka sha yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna a kowane lokaci, tsakanin famfo ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na tuƙa-tuƙa ba ya aiki.

Kuskuren farko tun ranar haƙa ake yin sa. Rijiyar da aka haƙa ƙasa tana jiƙe, aka tsaya da zarar an ga ruwa, za ta ƙafe a ƙarshen rani, lokacin da aka fi buƙatar ta. Ɗan kwangilar da aka ce sai ya sami ruwa za a biya shi, haƙa zai yi inda ya fi sauƙi, ya tsallake gwajin jan ruwa na sa'o'i wanda ke nuna ko rijiyar za ta iya ɗaukar jama'ar. Dole a zuba siminti a kewayen bututun daga sama zuwa 'yan mitoci ƙasa don kada ƙazamin ruwan sama ya gangara ciki, a yi daɓe mai magudana, a kuma nisanta rijiyar da masai aƙalla mita 30. Sannan a kai ruwan ɗakin gwaji. Bangaladash ta koyi wannan darasi da tsada: miliyoyin rijiyoyin da aka haƙa tun shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa, sai a shekarun 1990 aka gano da yawansu na ɗauke da gubar asenik, wadda ba ta da launi ko ɗanɗano.

Na biyu shi ne zaɓen famfon. Samfurin India Mark II ƙarfe ne mai juriya, amma silindarsa, wato abin jan ruwan, tana can ƙasan rijiya, kuma in robar cikinta ta cinye sai an ciro bututan ƙarfe masu tsawon mita 3 ɗaya bayan ɗaya, da kayan aiki na musamman da ƙarti da yawa. In hannu ya suɓuce bututan suka faɗa ciki, sai an kira masu ƙugiya. Ga shi kuma inda ruwan ƙasa ke da tsami, ƙarfen yana tsatsa cikin ɗan lokaci, ruwa ya yi ja, mata su koma rafi. Samfurin Afridev an ƙera shi ne don mutanen gari su iya gyarawa: bututunsa na roba ne, kuma ana zaro sandunan da abin jan ruwan ta cikinsa ba tare da an taɓa bututun ba, da sifana ɗaya. Amma robobinsa da boris ɗinsa na roba suna son canji lokaci zuwa lokaci, kuma in ba mai sayar da su a inda mutanen ke iya zuwa, abin da bai kai tafin hannu ba zai kashe rijiya sukutum.

Na uku yawan masu ɗiba. Ƙa'idar Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ta ce lita 15 ga kowane mutum a rana, kada famfo ɗaya ya wuce mutum 500, kada kuma ya yi nisan da ya wuce mita 500 da gida. Mutum 500 sau lita 15 lita 7,500 ke nan, kimanin awa bakwai da rabi ana tuƙa ba tsayawa. In ƙauyuka uku suka taru a kan famfo ɗaya, ba sai an tambayi me ya karya masa hannu ba.

Akwai kuma son sabon abu. A tsakiyar shekarun 2000 an yi ta yayata PlayPump, lilon yara mai juyawa wanda ke jawo ruwa zuwa tanki. Ya sami goyon bayan gwamnatin Amurka da manyan gidauniyoyi a 2006. Da aka girka shi a ƙauyukan Mozambik, wani wurin ma bayan an cire famfon tuƙa-tuƙa mai aiki, sai aka tarar mata ne, har da tsofaffi, ke tura lilon da hannu in yara ba sa nan. Jaridar Guardian ta lissafa a 2009 cewa sai yara sun yi wasa awa 27 a rana kafin a cimma adadin mutanen da aka yi alkawari.

Rigakafi: zafi na kashe shi, sanyi ma haka

Yawancin alluran rigakafi suna son zama tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har hannun yaro. Kowa ya san zafi na lalata su. Abin da ba a cika sani ba shi ne daskarewa ma na kashe wasu, kamar allurar nan mai haɗin cuta biyar da ta sarƙe-haƙora. Ma'aikacin da ya ciro ƙullin ƙanƙara daga firiza ya jera kwalabe a jikinsa kai tsaye ya gama da su tun kafin ya hau babur. Ƙa'ida ita ce a ajiye ƙullin a waje har sai ya fara gumi, in an girgiza a ji motsin ruwa a ciki, sannan a jera guda huɗu a akwatin ɗauka. A jikin kwalba akwai ɗan tambari, murabba'i a cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, maganin na da rai. In launinsu ya zo ɗaya ko ya fi duhu, sai zubarwa. Allurar ƙyanda kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, awa 6 ne wa'adinta.

Firji mai batir yakan mutu ne ta wajen batirin, shi ya sa aka koma wanda ke aiki da hasken rana kai tsaye, yana tara sanyi a bangon ƙanƙara don dare. Shi ma in ba a share ƙura daga farantin sola ba, ko wani ya ja waya yana cajin salula, sai ya gaza. Jirage marasa matuƙi sun rage wahala a wasu wurare: Ruwanda ta fara kai jini da su a 2016, ƙasar Banuwatu da ke tekun Pasifik ta kai rigakafi wani tsibirinta a 2018. Sai dai jirgi ba ya yin allura. Kuma mai haɗin biyar ɗin nan sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14. Ziyara ɗaya a shekara, kome girman tawagar, ba ta kammala wa yaro ko ɗaya.

Wanda zai kwana a garin

Nan ne zuciyar lamarin. Gangamin duba marasa lafiya na kwana biyu yana da amfaninsa, musamman ga aikin da ake yi sau ɗaya a gama, kamar cire yanar ido. Amma abin da ke kashe yara, wato gudawa, ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro da cutar jini (shigar ƙwayoyin cuta cikin jini) ga jarirai, ba ya jiran ranar zuwan baƙi. Da tsakar dare yake zuwa.

Likitoci biyu, Abhay Bang da matarsa Rani, sun gwada wata hanya a Gadchiroli, gunduma mai dazuzzuka a jihar Maharashtra ta Indiya inda 'yan ƙabilar Gond suke da yawa. Sun zaɓi matan ƙauye masu ɗan karatu, suka koya musu halartar haihuwa, auna jariri, ɗumama shi, taimaka masa numfashi, da gane alamun cutar jini har da yi masa allurar maganinta a gida. An gwada a ƙauyuka 39, aka kwatanta da wasu 47. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 1999 ya nuna mutuwar jarirai 'yan ƙasa da wata ɗaya ta ragu da kashi 62 cikin ɗari. Daga irin wannan aiki Indiya ta ɗauki darasi a shirinta na ma'aikatan lafiya mata 'yan gari, waɗanda ake kira ASHA, da ta fara a 2005. A Alaska ma, tun 1968 gwamnatin Amurka ke biyan mataimakan lafiya 'yan gari a ƙauyukan da sai jirgi ke kaiwa, suna aiki da littafin ƙa'ida suna tuntuɓar likita daga nesa.

Abin da ke cikin jakar irin wannan ma'aikaciya ba shi da yawa. Agogon ƙirga numfashi: in yaro ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ana ɗaukar sa a mai ciwon huhu a ba shi amoksisilin. Tef ɗin auna damtse: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Ƙullin gishiri da sukari da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14 don gudawa. Abin gwajin zazzaɓi da maganinsa. Ƙwayar misoprostol, maikrogiram 600 bayan jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu, don rage zubar jini, tunda ita ba ta buƙatar firji kamar allurar oksitosin.

Abu uku ke kashe wannan tsari, kuma ba ɗaya daga ciki da ke da kyan hoto. Jaka ta ƙare ba a sake cikawa ba. Uwa ta zo sau biyu ta koma hannu rabbana, ba za ta zo na uku ba. Mai duba aiki ya daina zuwa saboda babu kuɗin mai. Sai kuma a ce aikin sa-kai ne, ba albashi, alhali matar tana da gona da 'ya'ya. Wa za a horar ma abin dubawa ne. Kwalejin Barefoot da Bunker Roy ya kafa a ƙauyen Tilonia na Indiya a 1972 ta zaɓi koya wa iyaye mata da kakanni haɗa fitilun sola na wata shida, bisa hujjar cewa saurayi in ya sami sana'a da takardar shaida, birni zai nufa.

Kuma ma'aikaciyar gari tana da iyaka. Maganin zazzaɓi da ake cusa wa yaro ta dubura idan ya galabaita lokaci kawai yake saya kafin a kai asibiti. Inda babu asibitin ko abin hawa, amfaninsa kaɗan ne. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Don haka tsarin da ya san abin da yake yi yakan tanadi waya ko rediyo mai caji, mai kwale-kwale ko babur da aka yi yarjejeniya da shi tun kafin buƙata ta taso, man da aka ajiye ba a taɓawa, da ɗakin jira kusa da asibiti inda mai ciki za ta tare makonni kaɗan kafin lokacinta.

An gina asibiti, ba a zuwa

Ana saurin cewa jahilci ne. A wani yanki na Ayakucho a tsaunukan Peru, a 1999 kashi 6 cikin ɗari ne kawai na mata ke haihuwa a cibiyar lafiya. Da aka zauna aka tambaye su, sai suka faɗi dalilansu: ba a jin yarensu na Kecuwa, ɗakin da sanyi, ana kwantar da su rigingine alhali su a tsugune suke haihuwa, ana korar miji da ungozoma waje, ana kuma zubar da mabiyiya wadda su binne ta suke yi. Sai aka rataya igiya a ɗakin haihuwa, aka sa benci, aka bar dangi su shiga, ma'aikata suka yi magana da yaren, aka riƙa miƙa wa iyali mabiyiyar. Zuwa 2007 adadin ya kai kashi 83. Ba sabon gini, ba sabuwar na'ura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi.

Taimakon da ke cutarwa

Ba kowane zuwa ne alheri ba. Al'ummar da ta daɗe ba ta cuɗanya da baƙi ba, jikinta bai san mura da ƙyanda ba, kuma tarihin Amazon cike yake da garuruwan da annoba ta share bayan zuwan masu kyakkyawar niyya. Shi ya sa tun 1987 hukumar kula da 'yan asali ta Barazil ta daina neman waɗanda suka keɓe kansu, ta koma tsare musu iyakar ƙasarsu. Indiya ma ta haramta kusantar tsibirin Sentinel ta Arewa, inda mazauna suka kashe wani matashi ɗan mishan daga Amurka da ya saci hanya ya shiga a Nuwamban 2018.

Makaranta ma ta taɓa zama makami. A Kanada an raba yara kusan 150,000 da iyayensu aka kai su makarantun kwana da coci-coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, aka hana su yarensu, dubbai suka mutu a can. Hukumar binciken da ta ba da rahoto a 2015 ta kira abin kisan kiyashin al'ada, Fafaroma Francis kuma ya je ya nemi gafara a 2022. Garin neman gira an rasa ido. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin uban da ke ɗari-ɗari da baƙon da ya zo da alkawarin ɗaukar ɗansa zuwa makarantar kwana ba. Abin da ya fi aiki a shekarun farko shi ne ƙaramin aji a cikin garin, da malami ɗan garin, a fara karatu da yaren gida sannan a shigo da harshen hukuma a hankali, a kuma daidaita hutu da lokacin da iyali ke tafiya gona ko kiwo.

Daga nan aka samo ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a sanarwarta ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali: a nemi yardarsu ba tilas, kafin a fara, kuma bayan an bayyana musu komai. A aikace wannan na nufin a yi bayani da yarensu, a ba su lokaci su tattauna bayan baƙi sun tafi, a ji ta bakin mata daban, kuma “a'a” ta zama amsar da za a karɓa. Sa hannun shugaba ɗaya a takardar da ba ya iya karantawa ba yarda ba ce. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ce majalisun ƙauyukan 'yan ƙabilar Dongria Kondh ne za su yanke hukunci kan haƙar ma'adinai da kamfanin Vedanta ke so a tsaunukan Niyamgiri, kuma dukkan ƙauyuka 12 suka ƙi.

Inda masana suka saɓa

Wasu na ganin ƙungiyar agaji da ta gina asibiti ta sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta ne, ta kuma janye ƙwararrun ma'aikata da albashi mai tsoka. Wasu su ce yaron da ke numfashi sama-sama yau ba zai jira gyaran gwamnati ba. Duka suna da gaskiya, sai dai aikin da bai shiga rajistar ma'aikatar lafiya ba, ba ya karɓar magani daga rumbunta, ba ya kai mata rahoto, ranar da kuɗin waje suka yanke ranar zai mutu. Abin da 2025 ta nuna ke nan.

Titi ma abin jayayya ne. Shi ke kawo motar asibiti da malami da kasuwa, shi ne kuma ke kawo masu saran katako, masu sayen fili da giya. In titi ya riga takardar mallakar ƙasa isowa, yawanci baƙi ne ke cin moriyarsa. Ƙungiyoyin addini kuwa, ba mai musun cewa sau da yawa su ne ke zama shekara da shekaru inda kowa ya gudu. Iyakar da ta kamata a ja ita ce kada magani ko gurbin makaranta su zama ladan sauya addini. Ba da kuɗi hannu da hannu yana aiki sosai inda akwai kasuwa da layin waya, amma kuɗi ba ya sayen tiyatar da babu mai yin ta a tafiyar kwana biyu.

Abin da mai ba da gudummawa zai tambaya

Mutane da yawa suna zaɓen ƙungiyar da ta ce kusan duk kuɗin kai tsaye suke zuwa ga mabuƙata. A wannan fage wannan alkawari abin tuhuma ne, domin man fetur, albashin mai duba aiki, tafinta da gyaran injin kwale-kwale su ne aikin kansa. Manyan cibiyoyi uku masu tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka sun fitar da wasiƙa a 2013 suna roƙon jama'a su daina auna ƙungiya da ƙanƙantar kuɗin gudanarwarta kawai.

Tambayoyin da suka fi tona gaskiya ba su da wuya. Cikin rijiyoyin da kuka haƙa shekara biyar da suka wuce, nawa ke ba da ruwa yau, kuma yaushe aka je aka duba? In famfo ya lalace wa ake kira, kwana nawa yake ɗauka, a ina ake sayen robar? Ma'aikatanku nawa ne 'yan garin, kuma ana biyan su? Cikin yaran da suka karɓi allurar farko, nawa suka kai ta uku? An taɓa samun ƙauyen da ya ce ba ya so, kuma me kuka yi? Su wa suka ba da izinin hotunan yaran da kuke tallan neman kuɗi da su?

Ga mazauna ƙauyukan kuwa, raguwar tallafi ba ta fara bayyana a matsayin rufe asibiti. Tana farawa ne da ziyarar wata-wata ta koma ta wata uku-uku, mai duba aiki ya daina zuwa, jakar ma'aikaciya ta yi wata biyu babu amoksisilin. Ginin yana nan da allonsa da sunan wanda ya ba da kuɗi, kuma a rahoton shekara za a ci gaba da ƙirga shi cikin cibiyoyin da ke aiki.